Hannun da ke Ƙarƙashin Saƙi

"Ba ni! Atu, don Allah ba ni hoton nan!"

Ta ɗaga shi sama, ta ja da baya har bakin ƙofar ɗakina tana dariya.

"In ba ki? Sai kin gaya min ɗiyar wa ce."

"Aiki anka ba ni... liƙawa kawai zan yi."

"Aiki! Malama mai alli ta koma mai ƙaro!" Ta kawo hoton kusa da idonta. Sai dariyar ta tsaya. "Ke Bara'atu... wanga goshi ai na san shi. Kunnen ma na san shi."



Ni ma na san su. Tun jiya nake kallonsu ina yi wa kaina ƙarya.

Hotuna goma sha uku ne shimfiɗe a kan tabarmata, duk na jaririya ɗaya. A gefe ga albam mai baƙaƙen shafuka, ga ƙaron da na jiƙa a ɗan kasko, ga farar tawada da alƙalami. Abdulƙadiri mai hoto ne ya kawo mini su a ƙofar makarantar elemantare ta Tambuwal, inda nake koyar da 'yan mata. Shi ne mutumin da magabatansa za su zo daga Kebbe neman aurena in an gama kaka.

Da bazarar da ta wuce muka haɗu, ranar da ya zo ɗaukar hoton ajina da akwatinsa mai ƙafa uku. Sau uku yana cewa, "Malama, a ɗaga kai." Sau uku ina ɗagawa ina mayarwa. Ni haka nake. In aka ba ni littafi sai in cinye shi a yini ɗaya, amma in mutum ya tsaya a gabana, yatsun ƙafata kawai nake iya kallo.

Da ya miƙo mini ƙunshin hotunan, cewa ya yi, "Malamata, an ce ba abin da ba ki iya karantawa. Ki jera min su. Na fari a farko, na ƙarshe a ƙarshe. Babu kwanan wata a bayansu."

"Ɗiyar wa ce?"

"Ki jera su tukuna..."

Ya hau kekensa ya tafi, bai ko waiwayo ba.

Abin da ya hana ni sukuni ba jaririyar ba ce kaɗai. A kowane hoto tana zaune a cinyar wani mutum da aka lulluɓe da baƙin saƙi tun daga kai har ƙafa. Ba fuska, ba wuya. Hannaye biyu kawai suka fito suna riƙe da ita.

Kuma kan yatsun baƙi ƙirin.

"Dubi lalle!" in ji Atu. "Wayyo taubashiyata! Mata gare shi a Kebbe, har da ɗiya, ke kuma ya ba ki aikin liƙa su a littafi! Gobe ma wanki zai kawo miki."

"Ba haka ba ne..."

"To yaya ne? Karanta mana, ke da kika iya karatu!"



Atu ɗiyar Gwaggona ce, tsokana tsakaninmu tun muna wasan ƙasa. Amma wannan ba tsokana ba ce. Wanta, Ɗangiwa, malamin awon auduga, ya daɗe yana aiko ta da turare ina mayarwa. Na ga ta soke hoton a bakin zanenta, na san inda za ta.

"Atu! Na roƙe ki!"

Kafin in saka takalmi har ta kai zauren Baba.

*

Bayan la'asar Baba ya aika aka kira Abdulƙadiri.

Na laɓe a bayan ƙofar zaure. Ta ramin ƙyaure ina hango Abdulƙadiri durƙushe, kansa a ƙasa, hannayensa cikin hannun riga. Baba, Malam Shaihu, ba mai ɗaga murya ba ne. Ya ajiye hoton a kan buzu tsakaninsu.

"Ranar da ka fara gaishe ni ka ce min ba ka da mata."

"Haka ne, Baba."

"Wagga ɗiyar wa ce?"

"Ɗiyar... ɗiyar Dada ce."

Dada mahaifiyarsa ce, tsohuwar da ta haura sittin. Na dafe bango.

"Na zauna da Fulani," in ji Baba. "Na san abin da Bafillace shika nufi in ya ce ɗiyar Dada. Ta fari ce, kana kunya. Ban ga laifinka ba nan. Ina uwarta?"

"Allah ya yi mata rasuwa."

"Allah shi jiƙanta. Yaushe?"

"Bara... ba ta ko yi arba'in da haihuwa ba."

Baba ya ɗauki hoton, ya kai shi wajen haske, ya daɗe yana dubawa.

"Yarinyar ga tana da haƙora fuɗu. Ba ɗiyar arba'in ba ce. Ga mace ta sha ƙunshi ta rungume ta kamar ranta. Tsohuwa ba ta da hannu irin wanga. To wace ce cikin zanen?"

Na matso jikin ƙyaure, ina roƙonsa a raina.

Faɗi mana, Abdulƙadiri... ka ce ƙanwarka ce. Ka ce maƙwabciya ce. Ka ce wani abu!

"Baba... ba ni iya faɗi."

"Ba ka iya faɗi."

"Wallahi ban yi maka ƙarya ba. Amma bakina ba shi iya faɗi a gabanka."

"To ni ma hannuna ba shi iya ba da ɗiya ga mutumin da ke da abin da ba shi iya faɗi. Ka gaya wa mutanenka su yi zamansu. Za a aiko maka da kayanka."

Ya daɗe a durƙushe. Sannan ya tashi, ya ɗauki takalmansa a hannu, ya fita.

Ni kuwa ban san lokacin da na isa ɗaki ba.

*

Na yi kuka ranar, na yi washegari da safe. Ɗangiwa har ya wuce ta ƙofar gidanmu sau biyu yana kaɗa ƙararrawar keke. Atu ta leƙo ta ce, "A kawo miki guga ki tara hawayen? Rijiyarmu ta yi ƙasa." Na jefe ta da matashi.

Amma akwai wani hali nawa da kuka ba ya kashewa.

Ba na iya barin littafi a tsakiya.

Da hantsi na share fuskata na jawo hotunan. Na ce a raina, ko mayarwa za a yi, sai na mayar da aiki gamamme. Kuma... ina son in san ko wace ce. Ko da sanin zai ƙone ni.

Ta ina zan fara? Na farko da na ƙarshe ba su da wuya. Ga jinjira cikin tsumma ido a rufe, ga kuma 'yar yarinya tana ƙoƙarin zamewa ta tsaya da ƙafarta. Na tsakiyan ne suka rikita ni. Jarirai a wata biyar da wata shida duk kumatu ne. Na jera, na rushe. Na sake jerawa, na sake rushewa.

Sai na daina kallon yarinyar, na fara kallon bayanta.

Duk a wuri ɗaya aka ɗauke su, gaban wata danga, gindin bishiyar aduwa. A wani hoton an jingine dammunan gero a jikin dangar. A wani ƙasa fayau, ba ko ciyawa. A wani kuma karan dawa ya leƙo ta saman dangar. To, na sami kaka, na sami rani, na sami damina.

Saura cikin kowane lokaci, wanne ya riga wanne?

A nan na gan ta.

Can gefe, ɗaure a turke, wata 'yar maraƙa fara mai baƙin kunne. Tana cikin kowane hoto! Na tuna an ce Fulani suna ba jariri maraƙa ranar suna, su girma tare. A hoton farko kanta sumul. A wani, ƙaho ya ɗan tsiro kamar ƙurji. A wani ya kai tsawon ɗan yatsa.

Na ɗauko tsinken tsintsiya na riƙa aunawa.

Wallahi har na manta ina cikin baƙin ciki! Ƙaho bayan ƙaho, hotunan suka bi layi da kansu. Na shafa ƙaro a kusurwa huɗu na kowanne, na danna da tsumma, shafi ɗaya hoto ɗaya. A ƙasa na rubuta da farar tawada: Ranar suna. Wata ɗaya. Wata biyu. Na bar gurbin wata tara, wanda ke hannun Baba.

Da na gama sai na koma shafin farko, na fara buɗewa a hankali kamar mai karatu.

Shafi na ɗaya. Hannaye sirara, da warwaro uku a kowanne. Lallen ya rufe yatsu har ya gangaro bayan hannu.

Shafi na biyu. Su ne dai, amma sun rame, warwaron ya zamo har kan yatsu.

Shafi na uku...

Na tsaya.

Na koma baya. Na dawo. Na sake komawa.

Babu warwaro. Zanen shi ne, dangar ita ce, amma hannun ya sake! Wannan babba ne, mai faɗi. Baƙin kuma bai gangaro ko'ina ba, iyakarsa kan yatsu uku na hannun dama, kamar an tsoma su cikin wani abu. Wace mace ce za ta yi ƙunshin yatsu uku ta bar sauran? Wata goma sha ɗaya, kullum yatsu ukun nan?

Kuma ƙaramin yatsan hagu a karkace yake.

Ya riƙe yarinyar a shafi na uku kamar mai riƙe da ƙwai, nesa da jiki. A na biyar ya matso da ita. A na takwas ita ce ta kama babban yatsansa ta kai baki, shi kuma ya bar mata.

Na dubi nawa hannun. Farar tawada ta ɓata mini yatsu uku. Babba, manuni, da na tsakiya.

Yatsun aiki.

Akwatin hotonsa yana da hannun riga a gefe. Ta nan yake zura hannu ya wanke hoto a cikin ruwan magani, a cikin akwatin. Na taɓa jin yara suna tsokanarsa wai ya ci goro da yatsu. A ido, launin ruwan goro ne. Amma hoto bai san ruwan goro ba, bai san jan lalle ba. Baƙi da fari kawai ya sani.

"Innalillahi..." na faɗa a fili. "Abdulƙadiri!"

"Ke, da wa kika magana?"

Inna ce a bakin ƙofa, da hoton wata tara a hannunta.

Ke. Haka take kirana tun da na yi wayo. Ni ce ɗiyarta ta fari. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa yi mini kitso ba, Gwaggo ce ta goye ni. Ƙannena suna hawa cinyarta, ni kuwa in na shigo sai ta kau da kai. Na san al'ada ce. Sani bai taɓa hana ni jin zafi ba.

"Ungo. Malam ya ce a haɗa a mayar."

Na karɓa, na shafa ƙaro, na liƙa shi a gurbinsa.

"Inna... don Allah ki duba wani abu."

"Mi zan duba cikin kayan mutane?"

"Hannu kawai."

Ta yi kamar za ta fita. Sai ta zauna a bakin gado, can nesa da ni. Na tura mata albam ɗin, ina buɗewa ina nunawa da tsinke. Warwaro. Babu warwaro. Yatsu uku. Karkataccen yatsa.

Ta bi su da ido har shafi na takwas.

A nan ta sa hannu ta hana ni buɗe na gaba.

"Namiji ne," ta ce a hankali.

"Shi ne, Inna. Ina jin shi ne."

"Ya shiga zanen matarsa... don shi ɗauki ɗiyarsa ba wanda ya gani."

Ta shafa hoton da ɗan yatsa. Na ɗaga kai, abin da ban cika yi ba, sai na ga idonta ya kawo ruwa.

"Wa ya koya mishi wagga dabara?" ta ce, ba da ni take ba. "Mu a zamaninmu ba mu samu ba..."

Ta miƙe da sauri ta gyara ɗaurin zane.

"Yaushe shika zuwa Kebbe?"

"Kasuwar farkon wata. Bai taɓa fashi ba."

"Jibi ke nan. Ki nemi mayafinki."

"Baba fa?"

"Malam nawa ne. Ke dai nemi mayafinki."

*

Ban san abin da ta gaya masa ba. Na dai ji Baba yana cewa, "Ku tahi ku gani da idonku. In mace kunka tarar, kada a sake yi min maganar ga."

Lorin 'yan kasuwa muka hau da sassafe, tsakanin buhunan gishiri da wata akuya da ta ƙi jinin mayafina. Hanyar Kebbe ba hanya ba ce, gwajin haƙuri ce. Na rungume albam ɗin a ƙirji, kowane rami sai zuciyata ta ce: in kuma kin yi kuskure fa? In akwai wata mai karkataccen yatsa fa? Ke da ba ki taɓa kallon hannunsa da kyau ba!

Gidan Dada yana bakin gari, inda Fulanin da suka daina tafiya da shanu suka kafa bukkoki. Ba mu tambayi kowa ba sosai. Daga nesa na gane aduwar.

Na gane dangar.

Na gane farar maraƙa mai baƙin kunne, ƙahonta ya fi na shafin ƙarshe da kaɗan.

Inna ta riƙe hannuna, karo na farko da zan iya tunawa, ta ja ni muka tsaya a bayan dangar.

Ga akwatin hoto a kan ƙafafunsa uku. Wata tsohuwa siririya, fara, tana tsaye kusa da shi, hannunta a kan murfin idon akwatin. A gabanta, kan turmi, ga mutum lulluɓe da baƙin saƙi. A cinyarsa ga Ummu. A lokacin ban san sunanta ba, sai da tsohuwar ta kira.

"Ummu! Ummu, dubi nan! Kai kuma riƙe ta da kyau, kullum sai ka bari ta motsa."

Daga cikin zanen wata murya ta fito, ƙasa-ƙasa.

"Dada, ki ƙirga uku kawai ki rufe. Wancan watan har biyar kika kai."

Muryarsa!



"Ni za ka koya wa ƙirga?" Ta fara da Fillanci: "Go'o... ɗiɗi..."

"Salamu alaikum!" in ji Inna da ƙarfi.

Dada ta mayar da murfin ta juyo. Mutumin cikin zane ya sandare. Ko numfashi ban ga yana yi ba.

"Wa alaikumus salam. Maraba da baƙi! Daga ina?"

"Daga Tambuwal. Gidan Malam Shaihu."

Zanen ya ɗan girgiza.

Dada ta dube ni tun daga kai har ƙafa, ta dubi albam ɗin da ke ƙirjina, sai ta washe baki.

"Ayyo! Ke ce Malamar? Ke ce wadda anka ce ta iya karatu? Kwana uku bai ci tuwo ba saboda ke!" Ta juya wajen turmin. "To, Fadimatu, ga baƙi. Ba ki gaisuwa?"

Shiru.

"Kunya gare ta," in ji Dada. "Amarya ce. Kun ga ƙafarta? Ta fi ta raƙumi."

Inna ta toshe baki da mayafi. Ni kuwa dariya da kuka suka haɗu suka shaƙe ni.

Ummu ce ta raba gardama. Ta gaji da zama, ta juya, ta kama zanen da hannu biyu ta ja da iyakar ƙarfinta.

"Baa!"

Saƙin ya zame.

Ga Abdulƙadiri, ba hula, gumi ya jiƙa shi sharkaf, ɗiyarsa a hannu, a gaban matar da yake so ta zama surukarsa. Ya rasa inda zai sa kansa. Ya yi kamar zai ajiye yarinyar, ta maƙale masa a wuya.

Inna ta juya baya da sauri, ta kalli maraƙa.

"Ni ban ga kowa ba," ta ce. "Dada, maraƙar ga taku ta yi kyau. Zo ki nuna min uwarta."

Suka tafi bayan bukka, tsofaffin biyu, suna magana kamar sun shekara da sanin juna.

Aka bar mu.

Na kalli yatsun ƙafata. Sai na ce a raina, a'a, yau kam a'a. Na ɗaga kai na kalli hannunsa. Yatsu uku masu launin goro. Ƙaramin yatsan hagu a karkace.

"Igiyar saniya ce ta karya shi ina yaro," ya ce, ba tare da na tambaya ba.

"Don mi ba ka gaya min ba?"

"Na gwada. Sau nawa ina zuwa ƙofar makarantarku da maganar a bakina... sai in tambaye ki lafiyar alli."

"Ka bari Baba ya kore ka!"

"Malamata, in ce wa Malam mi? In ce ni, namiji, ɗan Fulani, nika shiga zanen mace in rungumi ɗiyar fari? Da in faɗi haka a zaurensa gara ƙasa ta buɗe."

"To don mi kake yi?"

Ya daɗe yana kallon kan Ummu.

"Ranar suna uwarta, Fadimatu, ta ƙi ɗaukarta gaban mutane, kunya. Hoto kuma ba shi yiwuwa sai an riƙe jariri kada shi motsa. Ni na ce ta lulluɓa. Ta yi dariya ta ce kowane wata za mu yi, har yarinyar ta fara tafiya. Biyu ta samu. Karo na uku na taho, na kafa akwati, Dada ta ce ita ba ta shiga zanen mamaciya. Sai na shiga. Bara'atu... tun da anka haife ta ban taɓa taɓa ta ba sai ranar. Ƙirga uku kawai. Wata guda nika jira saboda ƙirga ukun nan."

Hawaye suka zubo mini, ban share ba.

"Ban so magabatana su zo ba ki sani ba. Bakina ya kasa. Na ce to, bari in ba ta a rubuce, irin rubutun da na iya. In ta karanta ta ce ba ta so, ba ni ganin laifinta."

Na miƙa masa albam ɗin.

Ya buɗe da hannu ɗaya, Ummu tana ƙoƙarin cafke shafin. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

"Ba ki yi kuskure ko ɗaya ba! Ni kaina wata biyar da shida sun rikice min. Ta yaya?"

"Ƙahon maraƙa."

Ya dube ni. Ya dubi maraƙar. Sai ya fashe da dariya har Ummu ta tsorata.

"Wayyo Malamata! Hasken idona! Shekara guda ina ɗaukar hoton ga ban taɓa ganin maraƙar ba!"

"Akwai sauran shafuka," na ce. "Da yawa. Ban san... ban san ko kana da mai liƙa maka ba."

"Ina da?"

Na miƙa hannu. Ummu ta dube ni da goshin nan nasa, ta yi nazari kamar alƙali, sannan ta kama alƙalamin da ke soke a gashina, ta biyo shi har ƙirjina.

*

Baba ya saurari Inna har ta gama. Ya karɓi albam ɗin ya buɗe shafi na biyu da na uku, ya daɗe. Sannan ya yi gyaran murya.

"Yaron banza. Da ya faɗi ai da ban ci shi ba."

"Da kai ne ka faɗi?" in ji Inna.

Baba ya rufe albam ɗin.

"A gaya wa mutanen Kebbe ina nan bayan kaka."

Atu ta zo ranar ƙunshi, ta zauna kusa da ni tana ɗaure mini ƙafa, ba ta kalle ni ba.

"Taubashiya, kin yafe?"

"Sai kin yi min yatsu uku kawai."

"Allah shi kiyaye! A ce ni na yi wa amarya lallen mai hoto?"

An ɗaura aure bayan an kai dawa rumbu. Ummu ta dawo wurinmu a Tambuwal, maraƙarta ta zauna wurin Dada. Har yau in akwai mutane Abdulƙadiri ba ya kiran sunanta, "yarinyar ga" yake cewa. Amma saƙin Fadimatu na wanke shi na ninke a akwati, na ajiye wa Ummu. A cikin gida ba ya bukatarsa kuma.

Akwai hoto ɗaya a albam ɗin da ba na Ummu ba.

Ranar da za a kai ni, da hantsi, gida cike da mata, Inna ta aika aka kira ango da akwatinsa zuwa bayan ɗakinta, inda ba kowa. Aka zaunar da ni a kan kujera cikin kayan amarci. Na zaci ni kaɗai za a ɗauka.

Sai na ji motsi a bayana.

Wani ya tsaya, lulluɓe da zanen da na sani tun ina yarinya, tun daga kai har ƙafa. Hannaye biyu suka fito suka dafa kafaɗuna. Suna da kaushin taɓarya.

"Kai mai hoto," in ji murya daga cikin zanen, "kada ka yi sauri."

Abdulƙadiri ya cire murfin.

Na ji shi yana ƙirgawa a hankali. Ya wuce uku. Ya wuce biyar. Ya kai goma bai rufe ba.

Hoton ya ɗan yi hazo, don kafaɗuna sun motsa. Na liƙa shi haka nan a shafin ƙarshe. Ban rubuta komai a ƙasansa ba.

Ni na san hannun.